Ƙugun Aro

Shekara tara Fijon Baba na zaune a Aboabo
bisa duwatsu huɗu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.
Injin lafiya lau. Ƙugu ne ya mutu.
Ranar da ta tsaya, a hawan Mampong,
ta yi wani kuka kamar ana niƙa tsakuwa.
Baba ya sauka, ya dafa bayanta, bai ce uffan ba.
Shi ma bai kai wata damina ba.

Muka ɗora ta a babbar motar Gariba, sai Magazin.
Masta Opoku ya shige ƙarƙashi, tocila a baki,
ya fito da baƙin mai a tafin hannu,
garin tagulla na ƙyalli a cikinsa.
Ya ce, da Hausarsa ta kasuwa,
"Haƙora sun ƙare. Wannan aksil ɗin
ko Faransa ka je, dariya za su yi maka."

Kwana goma sha ɗaya muna bin tsibin ƙarafa,
mu ɗaga, mu auna, mu yar.
Na Datsun ya gaza. Na Marsandi ya fi ƙarfin aljihuna.
Sai bayan rumfar Afrakoma mai dokunu,
inda ciyawa ta ci rabin wata Toyota,
tef ɗin Opoku ya ce faɗi ya ɗara da yatsa biyu.
"Yatsa biyu ba abin faɗa ba ne," in ji shi.
Na biya. Har da kuɗin kifin da yaransa suka ci.

Kawu Ɗantani ya ji labari, ya tako har gareji,
yana tattare riga kada giris ya taɓa.
"Bafaranshiya da ƙafar Japan?
Ɗan'uwana ko noti bai taɓa sa mata na wani gida ba."
Na yi shiru.
Na tuna wanda ya zo garin nan da huhun goro da buta ɗaya,
ya auri 'yar Ejisu da ba ta jin ko sannu,
kuma wannan kawun, an ce, bai je ɗaurin auren ba.

Aka yanke mazaunin sifirin, aka matsa da shi ciki.
Farfela, rabi tata, rabi ta baƙuwa:
Opoku ya ɗiga walda, Sumaila ya juya,
alli a hannu yana neman inda take rawa.
Sau uku suna fasawa.
Wuta ta ɗauke, ruwa ya kece bisa kwano,
muka zauna kan tsoffin tayoyi muna kallonta,
gindi a sama, ba kunya.
Bututun birki ma ya ƙi zaren baƙo,
sai da wani tsoho a Tafo ya sassaƙa musu mai shiga tsakani,
ɗan ƙarfe bai kai goro ba.

Yanzu tayar gaba noti uku, ta baya shida.
Safaya biyu nake ɗauka, kowa da dangin nasa.
Agogon gudu kuwa ya koyi ƙarya:
ya ce hamsin, alhali mun haura sittin.
Opoku ya ce in riƙa ƙara goma a raina.

Ran Lahadi na sa Inna a gaba, muka nufi Mampong.
Ta ɗaure kallabi, ta riƙe ƙofa kamar dā.
Da muka fara hawa ta karkata kunne baya,
can inda sabon ƙarfe ke gurnani ƙasa-ƙasa.
Ta daɗe tana ji.
Ta ce, "Ba muryarta ba ce."

Muka zo daidai kwanar. Bishiyar na nan,
da dutsen da aka tare taya da shi, ko wani mai kama.
Ƙafata ta sassauta da kanta.
Inna ba ta dubi wurin ba.
Ta bugi cinyata da bayan hannu,
ta ce da Hausarta da har yau ba ta miƙe ba,
"Wa ya ce ka tsaya? Taka mata."